Babi na Shida: Gidan Haya a Riyad Bayan an Ɗaure Farashi

Tambayar da ta fi kowace yawa a bakin masu gidajen haya, ko a wace ƙasa suke, ita ce ta ƙarin kuɗi. Shekara ta zagayo, maƙwabci ya bayar da irin fulat ɗina a kan kuɗin da ya fi nawa, shin ni ma in ɗaga? A Riyad, babban birnin Saudiyya, amsar ta fita daga hannun mai gida tun ranar 25 ga Satumba, 2025. A ranar ne aka fara aiki da ƙa'idojin da majalisar ministoci ta amince da su bisa umarnin Yarima mai jiran gado Muhammad bin Salman, waɗanda suka hana ƙarin kuɗin haya har shekara biyar a cikin iyakar birnin, gidan kwana ne ko shago ko ofis. Wanda ke ciki zai ci gaba da biyan abin da yake biya a ranar. Gidan da ya taɓa shiga haya ya fita, ba za a ba sabon mutum shi a sama da kuɗin kwantiraginsa na ƙarshe ba. Gidan da bai taɓa shiga haya ba ne kaɗai aka bar mai shi da mai nema su daidaita yadda suka ga dama. Wanda ya saɓa, tararsa na iya kaiwa kuɗin hayar wata 12, ban da biyan wanda aka cuta, kuma wanda ya kai rahoto yana iya samun tukuici har kashi 20 cikin 100 na tarar. Masu gidaje da dama sun ɗauki wannan a matsayin shiga haƙƙi. Ni a ganina ba a zalunce su ba, domin hukumar da ta ɗaure musu hannu wajen ƙari ita ce tun da fari ta tsaya musu wajen karɓa. Mai gidan da ya gane haka zai daina bubbuga ƙofar da aka rufe, ya nemi ribarsa inda ta rage: zaɓen mutumin kirki, riƙe shi da kyau, da kula da ginin.

Kafin a yanke wa dokar hukunci, ya kamata a duba abin da ya haife ta. Ƙidayar 2022 ta nuna mutum miliyan 32.2 ne a Saudiyya, miliyan 13.4 daga ciki baƙi ne, kuma birnin Riyad kaɗai yana ɗauke da kusan miliyan 7. Baƙo kuwa kusan ko da yaushe ɗan haya ne, likita ne shi ko direba, malamin jami'a ko mai gadin bene. Daga Janairun 2024 gwamnati ta shar'anta wa manyan kamfanonin waje masu son kwangilarta su kafa hedikwatarsu ta yankin a cikin ƙasar, kuma mafi yawansu Riyad suka nufa da ma'aikatansu. Birnin ya samu karɓar baje kolin duniya na 2030, ƙasar ta samu gasar cin kofin duniya ta 2034, sannan a Disambar 2024 jirgin ƙasa na cikin gari ya fara aiki, wanda tsarinsa layi shida ne, tasha 85, tsawon kilomita 176. Duk wannan ya turo mutane da kuɗi zuwa wuri ɗaya, musamman unguwannin arewa irin su Malƙa, Hiɗɗin, Yasmin da Narjis, sannan zafin ya gangaro har tsofaffin unguwanni irin su Manfuha da Shumaisi, inda talakawan baƙi ke raɓewa. A wasu watannin 2024 alƙaluman hukumar ƙididdiga sun nuna hayar gidaje a faɗin ƙasar ta ƙaru da sama da kashi 10 cikin 100 a shekara guda, har ta zama babban abin da ke tura tsadar rayuwa gaba. Abin lura a nan shi ne mafi yawan wannan ƙari bai fito daga gumin mai gida ba. Benen da aka gina shekara goma sha biyar da suka wuce bai ƙara ɗaki ba, bai sauya famfo ba, amma hayarsa ta yi tsalle saboda an kafa tashar jirgi a bakin titinsa da kuɗin jama'a. Idan hukuma ce ta ƙirƙiro tsadar da ayyukanta, ba abin mamaki ba ne ta ce akwai iyakar abin da mutum ɗaya zai kwasa daga ciki.

Wannan doka ba za ta yi aiki ko na mako ɗaya ba in ba don Ejar ba, wato rajistar haya ta intanet da aka gina shekaru kafin a yi maganar ɗaure farashi. Tun 2017 majalisar ministoci ta yanke cewa kwantiragin hayar da ba a shigar a Ejar ba, ba a lissafa shi kwantiragi ingantacce a gaban hukuma ko kotu, kuma daga 2018 aka fara amfani da kwantiragi na bai-ɗaya na gidajen kwana. Ga yadda abin yake a aikace. Mai gida da mai nema su je wurin dillali mai lasisin hukumar kula da harkar gidaje, ya shigar da lambar takardar mallaka, lambar katin ɗan ƙasa ko iƙama, wato katin zaman baƙo, lambar mitar wuta, kuɗin shekara da ranakun biya. Saƙo ya shigo wayar kowannensu, kowa ya karanta ya danna amincewa, shi ke nan an ƙulla. La'adar dillali a doka kashi 2.5 ce cikin 100 na hayar shekarar farko, sai in an rubuta wani abu daban, abin da zai ba mai neman gida a Kano ko Abuja mamaki, inda kashi 10 ya zama ruwan dare. Tun ranar 15 ga Janairu, 2024, kuɗin hayar gidajen kwana ta hanyoyin Ejar ake biyan su, da katin banki ko ta tsarin biyan kuɗi na SADAD, don haka kowane riyal yana barin sawu. Ana iya tsara biyan wata-wata, ko duk wata uku, ko duk wata shida, ko shekara guda.

Babban abin da mai gida ya samu a wannan tsari shi ne kwantiragin kansa ya zama takardar zartarwa. Idan ɗan haya ya ƙi biya, ba sai an buɗe shari'a an kawo shaidu an yi ta ɗage zama ba. Mai gida zai shigar da buƙata ta shafin ma'aikatar shari'a zuwa kotun zartarwa, dokar zartarwa ta 2012 kuma ta ba wanda ake bi kwana biyar bayan sanarwa, in bai biya ba alƙali na iya taɓa asusunsa na banki. Duk wanda ya san yadda mai gida ke tsufa a harabar kotu a garuruwanmu yana neman kuɗin shekara biyu, ko yadda wani ke fusata ya cire ƙofa ko ya yaye kwano don ya kori mutum da iyalinsa, ya san girman wannan gata. A wajenmu mai gida yana neman kuɗin shekara ɗaya ko biyu a dunƙule ne saboda tsoro, ba don mugunta kawai ba, tun da ya san in mutum ya shiga, fitar da shi sai Allah. Jihar Legas ta yi dokar haya a 2011 wadda ta hana karɓar fiye da kuɗin shekara ɗaya daga sabon ɗan haya, amma ana ta karya ta a fili, domin babu wata rajistar da za ta nuna wa ya biya nawa, yaushe. Doka ba rajista kamar awo ne ba mudu. A Riyad an fara kafa mudun, aka auna wa mai gida haƙƙinsa da shi shekara bakwai, sannan aka juyo aka auna wa ɗan haya nasa. Wanda ya ji daɗin na farko ba shi da bakin cewa na biyun zalunci ne.

Mai karatu Musulmi zai iya kawo hujjar da ta fi wannan nauyi, kuma ba za a tsallake ta ba. Akwai hadisin Anas da Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito, cewa kaya sun yi tsada a Madina, mutane suka roƙi Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ƙayyade farashi, ya ƙi, yana mai tsoron kada ya haɗu da Allah da haƙƙin wani a wuyansa. A kan wannan ne malamai da yawa suka tafi cewa asali shugaba ba ya sa wa mutum farashin dukiyarsa. Amma maganar ba ta tsaya nan ba. Ibn Taimiyya, wanda ya rasu a 1328, da almajirinsa Ibnul Ƙayyim, wanda ya rasu a 1350, sun raba ƙayyade farashi gida biyu: wanda ke tilasta wa mutum sayarwa a kan abin da bai yarda ba alhali babu larura, wannan zalunci ne, da kuma wanda ke hana masu riƙe da abin da jama'a ba za su rayu sai da shi ba su wuce ƙimar da aka saba, wannan adalci ne. A mazhabarmu ta Malikiyya ma akwai ruwayar da ta halatta wa shugaba ya sa wa 'yan kasuwa iyaka, kuma Ibn Habib ya shar'anta a tara manyan kasuwar a binciki yadda suke saye da sayarwa, a bar musu ribar da za ta riƙe su. Muhalli yana sahun gaba a abubuwan da ba a iya haƙura da su. Mutum na iya rage cin nama in ya yi tsada, amma ba zai iya rage kwana a ƙarƙashin rufi ba, balle a garin da zafin Yuli ke wuce digiri 43. Wannan fiƙihu bai ba hukuma izini a buɗe ba, sai dai ya ba mu ma'aunin da za mu riƙe ta da shi: a yi don larura, a tsaya iya larurar, kada a jefa mai dukiya cikin asara.

Hujja ta biyu ta masana tattalin arziki ce, kuma ita ce ta fi damuna, domin shaidarta mai ƙarfi ce. A 1994 birnin San Faransisko na Amurka ya faɗaɗa dokar ƙayyade haya zuwa ƙananan benaye da aka gina kafin 1980. Masu bincike na jami'ar Stanford suka bi sawun abin, suka wallafa a 2019 cewa waɗanda ke ciki sun amfana, sun fi daɗewa a gidajensu, amma masu gidajen da dokar ta shafa sun rage abin da suke bayarwa haya da kashi 15 cikin 100, wasu suka sayar, wasu suka rushe suka sake gini, har hayar birnin gaba ɗaya ta ƙaru da kusan kashi 5. Balin ta Jamus ta daskarar da haya na shekara biyar a Fabrairun 2020, tallan gidajen haya ya ragu sosai, kafin kotun tsarin mulki ta soke dokar a Afrilun 2021 bisa dalilin cewa ba hurumin birnin ba ne. Mafi muni shi ne abin da ya faru a Masar, inda tsohuwar dokar haya ta bar iyalai suna gadon fulat a tsakiyar Alƙahira a kan 'yan fam kaɗan a wata, masu ginin suka daina gyara, benaye suka yi ta lalacewa. Sai a 1996 aka cire sababbin kwantiragi daga tsarin, sai a Nuwambar 2024 kotun tsarin mulki ta ce daskarar da kuɗin har abada ya saɓa wa tsarin mulki, sai a 2025 aka yi dokar da ta ba gidajen kwana shekara bakwai su fita daga ciki. Darasin a fili yake. Ɗaure farashi yana kare wanda ke ciki, yana iya cutar da wanda ke ƙofa yana nema, kuma in ya daɗe yana cin ginin kansa.

Wanda ya tsara ƙa'idojin Riyad da alama ya san wannan tarihi, domin ya bar sabon gini a sake. Wanda ya gina bene yau, shi zai sa kuɗin farko da yardar mai nema, don haka ba a kashe wa magina gwiwa ba. An kuma sa wa'adi, shekara biyar, ba har illa masha Allahu ba. Mafi muhimmanci, dokar ɗaya ce daga cikin matakan da aka sanar tun ƙarshen Maris 2025 don ƙara yawan abin da ke kasuwa. An buɗe filayen arewacin birnin da aka daɗe da hana saye da sayarwa a cikinsu, sama da murabba'in kilomita 81. An umarci hukumar raya birnin ta riƙa samar da filoti 10,000 zuwa 40,000 a kowace shekara har shekara biyar, a kan farashin da bai wuce riyal 1,500 kowace murabba'in mita ba. Harajin filayen da ake killacewa a cikin gari ba a gina ba, wanda ya kasance kashi 2.5 tun dokar 2015, an ɗaga shi har kashi 10 na ƙimar filin a shekara ga mai murabba'in mita 5,000 ko fiye, aka kuma tanadi haraji a kan gine-ginen da aka bari a kulle. Ma'ana, ɗaure hayar sayen lokaci ne kafin sababbin gidaje su fito. Sai dai dole a faɗi gaskiya: filoti ba gida ba ne, tsakanin raba fili da kunna fitila akwai shekaru, kuma waɗancan filaye masu rahusa na 'yan ƙasa ne, alhali ɗimbin masu haya baƙi ne da za su amfana ne kawai in 'yan ƙasa sun tashi sun bar musu fulat. Ranar gwajin gaskiya ita ce Satumbar 2030. In gidaje sun yawaita aka saki igiyar, dokar ta cika sharaɗin larura. In aka yi ta sabunta ta saboda sakin yana da zafi a siyasa, to an kama hanyar Alƙahira, kuma a lokacin masu gidaje za su yi gaskiya in sun yi kuka.

Akwai wani ƙorafi da nake ganin yana da ƙafa tun yanzu. Dokar ta daskarar da kowa a inda ta same shi, don haka mai gidan da ya ninka haya a farkon 2025 ya tsira da ninkinsa, shi kuwa dattijon da ya ji kunyar ƙara wa mutumin da ya shekara goma a gidansa ya maƙale a tsohon kuɗi har shekara biyar. Mai tausayi ne ya fi jin jiki, kuma wannan ba ƙaramin aibi ba ne. Ƙa'idojin sun rage kaifin abin, domin sun ba mai gida damar kai ƙorafi ga hukumar kula da harkar gidaje a sake duba kuɗin in kwantiragin ƙarshe na gidan an ƙulla shi ne kafin 2024, ko in an yi wa ginin gagarumin gyara da ya taɓa ƙimarsa. Wannan ita ce ƙofar halal, kuma duk wanda ke ganin an bar shi a baya, nan ya kamata ya nufa da takardunsa da rasit ɗin aikin da ya yi. Wanda ya ci bashin banki ya sayi bene da lissafin cewa haya za ta riƙa hawa kowace shekara, abin tausayi ne, amma lissafinsa caca ce tun asali, kuma ba adalci ba ne a ce ɗan haya ne zai biya kuɗin cacar.

Daga nan sai tambayoyin da ake yi a ɓoye. Na farko: in rubuta tsohon kuɗi a Ejar, in karɓi cikon a hannu, ko in kira shi kuɗin gadi da shara? A ɗauki fulat na riyal 40,000 a shekara, mai shi ya nemi ƙarin 8,000 a bayan fage. Abin da ya sa a faifai don wannan 8,000 shi ne tarar da za ta iya kaiwa 40,000, da maido da abin da ya karɓa, sannan ya miƙa wuyansa ga mutumin da ke riƙe da saƙonsa na WhatsApp da shaidar tura kuɗi. Cikon kuma ba ya cikin takardar zartarwa, ranar da ɗan haya ya ce ba zai bayar ba, babu kotun da za a kai shi. Kwaɗayi mabuɗin wahala. Na biyu: in ce ɗana zai yi aure yana buƙatar gidan? A Riyad yanzu mai gida ba ya ƙin sabunta wa wanda ke son zama sai da dalili: rashin biya, ko lahani a ginin da ke barazana ga rai bisa rahoton ƙwararru da hukuma ta amince da shi, ko buƙatar mai gidan ya zauna da kansa ko iyayensa ko 'ya'yansa. In buƙatar gaskiya ce, haƙƙinsa ne, ya sanar da wuri ya ba mutane lokacin neman wani wuri, musamman masu yara a makaranta. In dabara ce, ba ta da riba ko kaɗan, tun da wanda zai shigo daga baya ma tsohon kuɗin zai biya. Abin da mai gida zai samu kawai shi ne fenti, da wata ɗaya ko biyu na gida a kulle, wanda a misalinmu wata biyun ya kai riyal 6,600 da ɗoriya, da baƙon da bai san halinsa ba a madadin wanda ya sani.

Tun da kuɗin shiga ya tsaya cik, abin da ya rage a hannun mai gida shi ne kuɗin fita, kuma a nan ne jarabawa mafi haɗari take, wato ya ce tun da ba zan ƙara ba, ni ma ba zan gyara ba. Doka ba ta bar masa wannan ba. Dokar mu'amalar jama'a da ta fara aiki a Disambar 2023 ta ɗora wa mai gida gyaran da ya zama dole don gidan ya ci gaba da amfanuwa, ta bar wa ɗan haya ƙananan gyare-gyare na al'ada, ta kuma ba shi damar yin gyaran gaggawa ya cire kuɗin daga haya in an sanar da mai gida ya yi jinkiri. Amma ko ba doka, lissafi ma ya isa. A hau saman kowane bene a Riyad a watan Mayu a duba: tankin ruwa yana shan rana, 'yar ƙwallon da ke tsayar da ruwa in ya cika ta tsufa, ruwa yana ɗiga a hankali yana bin tsagar siminti, injinan na'urar sanyaya ɗaki a jere ƙura ta toshe musu raga. Sauya ƙwallon nan da wanke ragar aikin 'yan riyaloli ne da yini ɗaya. In aka bar su, a Yuli injin ya ƙone a daren da yaro ke zazzaɓi, a bazara mai zuwa ruwan sama na Afrilu ya samu hanyar da ɗigon ya buɗe masa, silin ɗin fulat na sama ya kumbura, kuɗin ruwa ya ninka saboda yoyon da ba a gani. Gyaran da aka ƙi yi da ɗari sai a yi shi da dubu goma. Shekara biyar na sakaci kuma za su fito fili a 2030, lokacin da za a saki farashi kuma sababbin benaye na arewa suna gogayya da tsofaffi. Ginin da aka kula da shi ne zai iya neman kuɗin kirki a ranar.

Sauran aikin yana wajen shiga da fita. Tun da wanda ya shiga yana da haƙƙin zama muddin yana biya, ranar zaɓe ita ce ranar da mai gida ya fi ƙarfi, kuma gara ya ɓata mako biyu yana bincike da ya yi shekara biyar yana da-na-sani. Ya san inda mutum ke aiki, ya san su nawa za su zauna, ya rubuta a fili cewa ba a sa wani haya a ciki sai da izininsa, domin fulat mai ɗaki uku da aka yanka aka cusa mutum goma sha biyar yakan tsufa kafin lokacinsa. Ina kuma ganin hikima ce ya yarda da biyan wata-wata ko duk wata uku ga mai albashi. Wanda ake cire wa kaɗan-kaɗan daidai da shigar albashinsa ba ya cika faɗuwa, kuma in zai faɗi, mai gida zai gani tun a wata na farko. Ejar na da takardar karɓa da miƙawa inda ake rubuta halin kowane ɗaki, tana kuma riƙe kuɗin ajiyar ɓarna a wurinta, ba a aljihun ɗayansu ba. A cike ta da gaske, a ɗauki hoton mita da bango da banɗaki, a mayar da mitar wuta sunan mai zama. Sau da yawa rigimar fita daga gida a kan tabon da ba a san wanda ya yi shi ba ne. Ga 'yan uwanmu masu haya kuwa, daga Najeriya ko Nijar, akwai ranar da bai kamata ta wuce su ba: kwantiragi yanzu yana sabunta kansa a duk faɗin Saudiyya in ɗayan ɓangarorin bai sanar da ɗayan ba aƙalla kwana 60 kafin ƙarewarsa. Wanda aikinsa zai ƙare ya koma gida, ko zai koma Jidda ko Dammam, in ya yi shiru har wa'adin ya wuce, zai iya samun kansa ɗaure da hayar gidan da ba ya ciki.

Tambaya ta ƙarshe ta masu hannu da shuni ce, domin dokar mallakar gidaje ga waɗanda ba 'yan ƙasa ba, wadda aka amince da ita a Yulin 2025 don ta fara aiki a Janairun 2026, ta buɗe wa baƙi saye a yankunan da hukuma ta ware, tare da sharuɗɗa na musamman ga Makka da Madina. Ɗan kasuwar Kantin Kwari ko na Maraɗi da ya saba sayen fulat a Dubai zai so ya gwada Riyad, amma lissafin ba ɗaya ba ne. Dubai tana barin ƙari har kashi 20 gwargwadon nisan hayar da matsakaicin unguwa, Riyad kuwa ta hana ƙarin gaba ɗaya zuwa 2030. Akwai harajin cinikin gida kashi 5 da ake biya tun Oktobar 2020, dokar baƙi ta kuma ba da damar ƙarin kuɗi har kashi 5, sannan hayar shago da ofis tana ɗauke da harajin kaya na kashi 15 wanda hayar gidan kwana ba ta ɗauke da shi. Dillali zai nuna wa mai saye abin da irin fulat ɗin ke kawowa a sabon benen da ke kallonsa, amma wannan adadi ba nasa ba ne. In gidan ya taɓa shiga haya, kuɗin da ke rubuce a kwantiraginsa na ƙarshe a Ejar shi ne abin da zai kawo, ko an sayar ko ba a sayar ba, ko da mutum a ciki ko babu. Don haka kafin a yi maganar farashi, mai saye ya nemi a buɗe masa wannan kwantiragi, ya duba ranar da aka ƙulla shi, ya cire kuɗin gyara da na mai kula da ginin da wata ɗaya na zaman banza, sannan ya raba abin da ya rage da jimillar abin da zai kashe har da haraji. In ribar da ta fito ta ishe shi na shekarun da suka rage kafin Satumbar 2030, ya saya. In sai ya ƙara hasashen abin da zai faru bayan nan kafin lissafin ya tashi, gara ya riƙe kuɗinsa ya jira sabon gini da zai sa wa kuɗin farko da kansa.